Doyar da Terhide Ya Kai Gidan Surukai

A bakin tulin doya aka raini Terhide ɗan Iorchia. Bai cika wata biyu a duniya ba uwarsa Hembadoon ta goyo shi zuwa kasuwar Lafiya, ta shimfiɗa masa buhu a inuwar rumfarta. Buhun nawa ne, domin ɗinkin buhu nake yi a rumfar da ke jikin tata, tun wancan lokaci har yau. Abin da zan faɗa a kansa, wani na gani, wani na ji da kunnena, sauran kuma wanda abin ya faru a gabansa ne ya zauna a kan bencina ya ba da labari.

Ubansa manomin doya ne a wajen Ashige, mutumin Tibi marar yawan magana, wanda hannunsa ya yi kanta har ba ya dunƙuluwa sosai. Shi yake nomawa, ita take sayarwa. Ya rasu Terhide yana aji biyu a sakandare. Daga nan ta koma sarowa a hannun manoman Kwandere da na Ashige, kuma rumfar ba ta taɓa rufuwa ba sai ranar Lahadi.

In baƙo ya shigo layinmu ya ce doyar sakwara yake nema, wurinta ake nuna masa. Tana da yadda take yi. Za ta ɗaga doya ta jinjina ta a tafin hannu, ta kai ta kusa da kunne ta ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa, ta ɗan kankare wuyan da farce ta duba farin ciki, wani lokaci har ta sansana. Sannan ta ce wannan ta dafawa ce, wannan ta suya, wannan kuma ta turmi. Shekara talatin da 'yan kai ban ga wanda ya dawo mata da doya ba. Ba ta da gida mai bene, ba ta da mota. Sunan nan shi ne abin da ta tara.

Yaron ya tashi da ƙwaƙwalwa, ba zan hana shi wannan ba. Ya tashi da tsafta kuma, irin tsaftar da ke sa mutum ya riƙe doya da yatsu biyu yana nisanta ta da rigarsa. In abokan makarantarsa suka biyo ta layinmu, sai ka neme shi ka rasa, ya koma rumfar masu cajin waya yana tsaye kamar mai jiran wani. In mota ta sauke kaya a bakin hanya, uwarsa ta ce ya turo amalanke, nan take zai tuna da wani aiki da malami ya ba su.

Sau ɗaya na ga ta gwada koya masa. Yana da kamar shekara goma sha shida. Ta miƙa masa doya biyu, da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Riƙe. Faɗa min wanne zai yi sakwara."

Ya ce, "Mama, ni ba wannan aikin zan yi ba."

Ta ce, "Ba za ka yi ba, amma za ka ci."

Ya ajiye su, ya karkaɗe hannu, ya tafi. Ba ta sake ba.

Ya yi jami'a, ya gama. A can ne Terhide ya kwanta, Kelvin ya tashi. Sunansa ne na coci, ba na aro ba, sai dai mu 'yan layi bakinmu ya riga ya saba da na farko. Ya yi shekara uku yana zagaya ofisoshi da fayil a hammata. Sai wata rana muka ji zai tafi Ingila. Gonar Ashige ce ta kai shi. Yanzu wani ne yake noma ta.

Bai daɗe da isa ba bidiyo ya fara zuwa wayar uwarsa. Yawanci a cikin wani babban kanti yake ɗauka, mai fitilu kamar ranar biki, yana tafe tsakanin kantoci yana magana. "Ku duba yadda ake cefane. Ba ƙuda, ba laka, ba mai ja maka riga. Tumatir ma a jere yake kamar sojoji. Mu a Lafiya har yanzu a ƙasa muke zuba abinci." Hembadoon takan zagaya da wayar rumfa rumfa tana nunawa, fuskarta cike da murna, kamar ba rumfarta ake nufi ba.

Sabuwa mai barkono, wadda ke ɗaya gefen nata, ta daɗe tana kallon wani daga cikinsu. A ciki yana tura wani keken ƙarfe da ake zuba sayayya. Ta mayar da wayar ta ce, "Ashe dai ya iya tura amalanke."

Ya ce mana aikin asibiti yake yi. Daga baya muka ji a gidan kula da tsofaffi ne, yana yi musu wanka, yana ba su abinci a baki. In ka tambaye ni, aikin lada ne, kuma hannun da ya yi shi ya cancanci a gaishe shi. Shi ne dai bai taɓa kiran aikin da sunansa ba.

A shekararsa ta biyar a can ya ga yarinyar da yake so. Sunanta Wandoo, ma'aikaciyar jinya, 'yar Tibi ita ma. Uwarsa ta nuna mana hotonta, kowa ya sa albarka. Saura uban yarinya, wani dattijo mai suna Ushahemba, tsohon shugaban makarantar firamare da ya koma gona bayan ritaya. A lokacin ya je wurin 'yarsa can Ingila a duba masa ido, zai yi wata uku. Wandoo ta gaya wa Terhide a fili cewa in ubanta bai ce to ba, ita ma ba za ta ce ba.

Da aka kai shi gaisuwa, dattijon ya tambaye shi ɗan gidan wa ne. A nan ne, karo na farko a rayuwarsa, Terhide ya tuna da doya. Ya ce ubansa manominta ne, uwarsa kuwa rabin sakwarar da ake ci a Lafiya daga hannunta take fitowa, shi kansa a cikin tulin doya ya buɗe ido. Dattijon ya ji daɗi, domin ya gaji da shinkafa da dankalin Turawa. Ya ce, "Madalla. 'Yata tana da turmi, doyar kirki ce ba ta samu. Lahadi ta sama ka kawo mana. In mun ci, sai mu yi maganar da ta kawo ka."

Duk wanda ya zauna da mutanen Tibi ya san wannan ba aiken cefane ba ne kawai.

Ranar Asabar da hantsi wayar Hembadoon ta yi ƙara. Watan Disamba ne. Ta kira ni in riƙe mata, saboda hannunta da ƙasa. Terhide ne, kiran bidiyo. Wannan karon ba kantin fitilu ba ne. Wani layi ne na shagunan mutanen Afirka, da kwalaye a jibge a bakin hanya, da kifi busasshe, da jarkokin manja, da mutane suna gogayya da kafaɗa. In ka cire rigunan sanyi, da kaɗan ya fi layinmu. Bai taɓa nuna mana shi ba sai ranar. Yana tsaye a gaban kwalayen doya na wani mutumin Ghana, hannunsa cikin safa.

"Mama, ga doya nan. Wacce zan ɗauka? Yi sauri, katina zai ƙare."

"Ɗaga ɗaya."

Ya ɗaga mafi girma, mai santsin jiki.

"Yaya nauyinsa?"

"Nauyin doya mana, Mama."

"Cire wannan abin da ke hannunka."

"Sanyi ake yi."

"To da me za ka ji shi? Ƙwanƙwasa, ka kai kunne."

Ya waiga dama, ya waiga hagu. "Mutane suna kallo fa."

Sabuwa ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Gaya masa doyar ba ta cizo."

Mai kayan ya zaro wuƙa zai yanke gindin doyar ya nuna masa cikinta, kamar yadda kowane mai doya yake yi a ko'ina. Terhide ya ɗaga masa hannu. Turancina bai kai ko'ina ba, amma na gane yana ce masa ba sai an yanka ba, shi tun yana zanin goyo ya san doya.

Hembadoon ta ce, "Ba shi wayar."

"Wa?"

"Mai doya. Ba shi."

Daga nan ciniki ya koma tsakanin mutum biyu da suka san abin da suke yi. Da guntun Turancin kasuwa ta sa mutumin ya ture kwalin sama ya buɗe na ƙasa. Ya ɗaga, ta ce a'a. Ya ɗaga wata, ya ƙwanƙwasa a jikin wayar, ta ce ya kankare. Ya kankare, ya yanke gindi, fari tas. Haka har guda huɗu, tsofaffi, masu yamutsattsen bawo, ba kyan gani. Mutumin yana dariya yana kiranta Mama. Ina so a riƙe wannan: doyar da Terhide ya fita da ita daga kasuwar nan lafiyarta ƙalau.

Da wayar ta koma hannunsa ta ce, "Saura kwana takwas. Kada ka bar shi a sanyi. Nemi wuri mai ɗumi a ɗakinka, ka shimfiɗa kwali, ka rufa masa tsumma."

"Doya a ɗakin kwanana? Mama, nan ba Ashige ba ne. Akwai firji."

"Kada ka sa shi a firji."

"A nan komai a firji ake ajiyewa. Shi ya sa ba sa asara irin taku."

"Terhide, ji mana..."

Ya riga ya kashe. Ta kira sau uku bai ɗauka ba. Ta yi masa saƙon murya mai tsawo. Ko ya saurara, Allah ne ya sani.

Doya 'yar ƙasar zafi ce. Inuwa take so da iska mai wucewa. Sanyin firji daga ciki yake kashe ta, bawon yana nan kamar ba abin da ya faru. Ba a koyar da wannan a aji. A bakin tuli ake jin sa, in mutum ya tsaya.

Lahadi ta zo ta wuce. Uwarsa ta tambaye shi, ya ce komai ya tafi daidai, ana dai shawara. Janairu ya wuce ana shawara. Fabrairu ma haka.

Cikin zafin watan Maris, wata Talata da rana, wani dogon dattijo da sanda ya shigo layinmu yana tambayar rumfar Hembadoon matar Iorchia. Suka gaisa da yarensu, ya faɗi sunansa. Ta rikice, ta rasa inda za ta ajiye shi, domin kujerarta 'yar tsugunne ce. Na matsa masa a bencina. Ta aika a kawo masa ruwan sanyi. Ya sha, ya daɗe yana kallon tulinta. Da zai yi magana sai ya juya zuwa Hausa, kuma bai rage murya ba. Na ɗauka da gangan ne.

Ya ce ranar Lahadin yaron ya zo cikin kwat, da doya a wata jaka mai kyau. An gayyaci mutum shida daga cocinsu. Wandoo ta riga ta haɗa miyar riɗi, ta wanke turmi. "Na sa hannu a jakar in gaisa da doyar. Na ji ta kamar dutsen da aka ciro daga ƙasan kogi. Na danna da babban yatsa, ya shige. 'Yata ta yanka. Cikin ya yi toka-toka, yana tsiyayar ruwa. Ta yanka ta biyu, ta uku, ta huɗu. Ranar nan da shinkafa muka ci miyar riɗi."

Hembadoon ta sunkuyar da kai.

"Ban yi fushi ba. Ƙasar sanyi ce, kowa yana iya kuskure a cikinta. Tambaya biyu na yi masa a gaban baƙin. Na ce wa ya zaɓi doyar nan, kuma a ina ta kwana. Ta biyun bai amsa ba. Ta farkon ya ce uwarsa ce ta zaɓa ta waya. Ya ce shi wata ya so ɗauka, kika hana. Ya ce a yi miki uzuri, tsufa ya fara taɓa miki ido."

Akwai mata biyu masu gidan abinci a tsaye, waɗanda suka shekara goma suna saye a wurinta. Akwai masu dako. Kowa ya ji. Kuma kowa ya gane inda maganar ta tsaya: in ta ce ƙarya ne, auren ɗanta ya tashi a nan take. In ta ce gaskiya ne, ta faɗa da bakinta a tsakiyar kasuwa cewa idonta ya daina gane doya.

Sabuwa ta buɗe baki. Hembadoon ta kalle ta, sai Sabuwa ta rufe.

Ta ce, "Haka ne, Baba. Ni na zaɓa. Ido ya fara tafiya. Kada ka kama yaro da laifina."

Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙanƙanta haka ba, ko ranar da aka zo mata da labarin mijinta.

Dattijon ya gyaɗa kai. "To, Allah ya ba da sauƙi. Ni ma idon ne ya kai ni can." Ya miƙe, ya dogara sandarsa, kamar magana ta ƙare. Ya taka zuwa ƙarshen tulin, can nesa da inda take zaune, ya ɗauki wata doya doguwa mai kyan jiki. "Tunda na zo, bari in tafi da ta turmi guda. A ɗaure mini wannan."

Ko ɗagowa sosai ba ta yi ba. "Ajiye wannan, Baba, na suya ne. Ɗauki na ƙarƙashinsa, mai tsagin wuya."

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta ce. Ta kai hannu baki.

Ya ɗauki ta ƙarƙashin, ya jinjina, ya ƙwanƙwasa, ya kankare da farce. Ya daɗe yana kallon farin. Sannan ya juyo wurina ya ce, "Malam, kai ne maƙwabcinta."

Na ce, "Ni buhu nake ɗinki, ranka ya daɗe. Sai dai ranar na ji an ambaci firji, kuma wadda ta ce kada a sa tana nan zaune."

Ya ce, "Hannuna ya gaya mini tun a can. So nake in ga matar da aka ɗora wa laifin."

Ya koma ya zauna. Ya ce mata ajiyar doya abu ne da zai iya koya wa yaro da yamma ɗaya, ba don wannan zai hana shi 'yarsa ba. Amma a gaban mutane ya ɗora wa uwarsa, don haka a gaban mutane zai sauke. Ya zo gida kafin Kirsimeti, ya tsaya a rumfar nan, ya faɗi inda doyar ta kwana. Sannan ya sa hannu a tulin ya zaɓi guda ɗaya, ko daidai ko ba daidai ba. In ya yi haka, za a yi magana. Ya ce Wandoo ta san da wannan, ita ce ma ta sa ranar.

Hembadoon ta roƙe shi ya bar maganar tsayuwa a kasuwa, ta ce ita ta yafe. Ya ce ya sani. Ya karɓi doyarsa ya tafi.

Ta gaya wa Terhide a ranar. Ina jin muryarsa daga rumfata. Da farko ya ce ba a ba da hutu a wurin aikinsu. Bayan wata biyu ya ce jirgi ya yi tsada. Da damina ta yi nisa ya ce shi ba zai tsallako teku don a tsayar da shi a gaban masu dako ba, irin waɗannan al'adu ne suka hana mu ci gaba. Sabuwar doya ta shigo, ta tsufa. Kirsimeti ta zo. Ranar jajibere Hembadoon ta share rumfar sau biyu, ta ari bencina ta ajiye a gaba. Da yamma na je na ɗauko abina.

A watan Janairu Wandoo ta kira Hembadoon da kanta. Sun daɗe suna magana da yarensu. Da suka gama Hembadoon ta ce mini, "Malam Babandi, yarinyar kirki ce." Ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Hoton yarinyar da take nunawa dai ban sake ganinsa ba.

Masu gidan abincin nan biyu har yau a wurinta suke saye. Sun ma ƙaru.

Terhide yana can, lafiyarsa ƙalau. Watan jiya ya aiko da sabon bidiyo daga kantin fitilu. Yana riƙe da wata leda ta garin sakwara, yana bayani. Ya ce minti biyar ya isa, ba turmi, ba gumi, ba sai ka san wata doya ba. Uwarsa ta kalla har ƙarshe, ta sake kalla. Wannan karon ba ta zagaya da shi ba. Ta cusa wayar a zani ta koma rarraba kaya.

Duk sanda sabon kaya ya sauka, takan ware guda ɗaya, wadda ta fi kowacce, ta tura ta ƙarƙashin tebur a kan kwali, ta rufa mata tsumma. Ba ta sayar da ita ko an taya. Tana nan har ta fara tsiro, sannan ta ba Sabuwa ta kai gida, ta ware wata.